Soyayya da Almara a Hannun Matasa: Karatun da Ya Bar Kasuwa Ya Koma Waya

A kusan kowane gari na ƙasar Hausa a yau, tun daga Kano da Zariya da Sakkwato har zuwa Maraɗi da Damagaram, akwai dubban 'yan mata da samari da ke raba dare idanunsu na kan waya, kuma abin da ya hana su barci shi ne ƙagaggun labarai na soyayya da na almara, waɗanda marubuta ke saki kashi-kashi a zaurukan WhatsApp da Telegram da shafukan Facebook. Waɗanda karatun ke yi wa nauyi, ko aikin gida ya hana su zama, sukan saurari labaran a YouTube ko a rediyo, inda ake karanta littafi guda tun daga farkonsa har ƙarshe.

Wannan yanayi ya haifar da koke-koke iri biyu da ake yawan ji daga bakin iyaye da malaman makaranta, kuma idan aka jera su sai a ga suna cin karo da juna. Na farko shi ne matasan yanzu ba sa karatu, na biyu kuma shi ne karatun littattafan soyayya ya ɗauke musu hankali. Gaskiyar da ke tsakani ita ce matasan suna karatu sosai, wataƙila fiye da yadda iyayensu suka yi, sai dai mafi yawan abin da ke isa hannunsu ba domin su aka rubuta shi ba.

Rukunin da aka keɓe wa matasa

A kasuwar littattafai ta Amurka da Ingila akwai rukuni na musamman da ake kira adabin matasa, wato labaran da aka rubuta domin masu shekara 12 zuwa 18, waɗanda suka wuce tatsuniyar yara amma ba su kai ga ɗaukar nauyin gida ba. Alamominsa sanannu ne: tauraro ko tauraruwar labarin sa'ar mai karatu ce, matsalolin da ke cikinsa na lokacin tashen balaga ne, kamar soyayyar fari da abota da saɓani da iyaye da neman sanin kai, sannan akwai iyakar da marubuci da mai ɗab'i suka san ba a ƙetarewa. Tun a 1957 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta buɗe sashe domin masu karatu na wannan shekaru.

Jigogi biyu ne suka fi riƙe wannan kasuwa, soyayya da almara. Abin da ake nufi da almara a nan shi ne labarin da aka gina a kan abin da ba ya faruwa a rayuwar yau da kullum, kamar sihiri da dodanni da duniyoyin da marubuci ya ƙirƙira. Jerin Harry Potter na J. K. Rowling, wanda ya fara fita a 1997, an sayar da fiye da kwafi miliyan 500 nasa a duniya, sai Twilight na Stephenie Meyer a 2005, wanda ya haɗa soyayya da almara a labari guda, kuma wannan haɗi shi ne ya fi tashe a 'yan shekarun nan, musamman tun da masu karatu suka fara tallata littattafan da suka burge su a TikTok.

Marubuta 'yan asalin Najeriya ma sun shiga fagen da Ingilishi. Tomi Adeyemi ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, inda ta ɗebo daga al'adun Yarbawa, ita kuwa Nnedi Okorafor ta ɗora labarin The Shadow Speaker na 2007 a kan ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Wani binciken kasuwa da aka yi a Amurka a 2012 ya nuna fiye da rabin masu sayen littattafan matasa manya ne. A can manya ne ke leƙa littattafan matasa, a ƙasar Hausa kuwa matasa ne ke karanta littattafan manya, domin babu wasu da aka ware musu.

Almara ba baƙuwa ba ce

Duk wanda ya ɗauka cewa sha'awar labarin aljanu da sihiri daga waje aka shigo da ita, to bai duba asalin ƙagaggen labarin Hausa ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya ita ce ta haifar da littattafai biyar na farko, kuma biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara almara ce. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bazama duniya neman ruwan da ke warkar da cuta har ya shiga ƙasar aljanu, a Ganɗoki na Bello Kagara kuma jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar da ba ta mutane ba. Jiki Magayi na John Tafida da East, wanda ya fito daga wannan gasa, labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Ke nan soyayya da almara tare aka haife su a rubutun boko na Hausa.

Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, ya fi kowane littafi nuna cewa magabata sun san ƙarfin labari a kan matashi, domin a juzu'in farko aku ne ke jan ɗan sarki Musa da labarai dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon maƙiya. Bayansa aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a farkon shekarun 1950, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya kai yaro yawon sararin samaniya. Waɗannan littattafai a aji aka karanta su, da yardar hukuma da ta iyaye, kuma babu wanda ya ce sun ɓata tarbiyyar kowa.

Daga baya wannan reshe ya rayu a cikin abin da masu karatu ke kira littattafan yaƙi, masu cike da sadaukai da bokaye da takubban tsafi da biranen da babu su a taswira, waɗanda samari suka fi saye. Sunaye irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih sun yi fice wajen labaran jarumtaka da na ban tsoro, ko da yake manazarta ba su ba wannan reshe kulawar da suka ba littattafan soyayya ba.

Yadda soyayya ta mamaye kasuwa

So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa, shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma labarin wata yarinya Bafulatana ce da ta dage kan auren wanda take so, duk da cewa ba ɗan ƙabilarta ba ne. Sai dai ambaliyar littattafan soyayya ta zo ne bayan wasu shekaru, sakamakon haɗuwar abubuwa biyu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yaran da suka iya karanta Hausa da boko, sannan matsin tattalin arziki na tsakiyar shekarun 1980 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, aka wayi gari ga masu karatu amma babu sababbin littattafai.

Matasan marubuta ne suka cike wannan giɓi da kuɗin aljihunsu. Sukan kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, a buga a takarda mai araha, a raba labari guda kashi biyu ko uku ko huɗu domin cinikin na ɗaya ya biya bugun na biyu, sannan 'yan kasuwa su kwasa daga Kano su watsa a garuruwa har zuwa Nijar da zangunan Gana. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan karɓi haya, kuma kwafi ɗaya kan zaga gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai har bangonsa ya rabu da shi.

Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talaka, wanda ya zama ɗaya daga cikin littattafan da aka fi sayarwa a tarihin Hausa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta jawo mata da yawa da littattafai irin su Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni. Da dama daga cikin waɗannan labarai ne suka zama finafinan farko na masana'antar Kannywood.

Abin da matashi ke nema a cikin labari

Ba a iya fahimtar wannan karatu sai an yarda cewa daɗi ne ke jawo shi, kuma jin daɗin labari ba abin kunya ba ne. Yarinya mai shekara 15 tana tsaye ne a bakin rayuwar da ba ta shiga ba tukuna, tana jin ana maganar aure da kishiya da uwar miji da saki, amma kunya da al'ada sun hana ta tambaya, kuma sau da yawa sun hana uwa yin bayani. Littafin soyayya yana ba ta wurin da za ta shiga waɗannan al'amura daga nesa, ta ga yadda wata ta zaɓa da abin da zaɓin ya jawo mata, ta ji haushi ta yi kuka ta yanke hukunci, alhali ba ta rasa komai ba. Shi ya sa tattaunawar da ke biyo bayan karatu, wadda a da ake yi a tsakar gida yanzu kuma a zauren waya, ta fi karkata ga wa ya kyauta wa bai kyauta ba.

Sunan soyayya ma yakan rufe abin da ke cikin littattafan, domin mafi ƙarfinsu suna magana ne a kan auren dole da cire yarinya daga makaranta da zaluncin miji da bambancin mai kuɗi da talaka. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta, kuma ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Mace da ta karanta irin wannan labari tana budurwa ba ta rasa abin da ya shiga zuciyarta game da darajar ilimi.

Almara kuwa wata buƙata take biya. Matashi shi ne mutumin da kowa ke ba umarni, a gida da makaranta da wurin sana'a, don haka labarin maraya ko bawa ko ƙaramin ɗan sarki da aka raina, wanda ya ratsa daji ya kayar da azzalumin boka, yana faɗa masa cewa ƙanƙanta ba ta hana mutum zama wani abu. Bayan haka almara tana horar da tunani wajen riƙe duniya guda da dokokinta da sunayenta da tarihinta a cikin kai, kuma wannan aiki ne da kallon gajerun bidiyo ba ya buƙata.

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafawa ba, wato ta harshe. Mata da yawa da karatunsu ya tsaya a firamare ko ƙaramar sakandare, waɗannan littattafai ne suka riƙe musu iya karatu bayan an rufe su a gidan aure, kuma daga cikin masu karatun jiya ne marubutan yau suka fito. Harshen da matasansa ke karanta shi don nishaɗi, ba don jarrabawa kaɗai ba, yana da makoma a rubuce, kuma harsunan Afirka kaɗan ne suka sami irin wannan gata da Hausa ta samu.

Masu suka da hujjojinsu

Suka ta taso tun littattafan suna sababbi. Ibrahim Malumfashi ne ya yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, kuma ya soki rauninsu ta fuskar zubi da ƙa'idar rubutu da kwaikwayon baƙin al'adu. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin waɗanda suka kare su a muhawarar da ta ɗauki shekaru a jaridu, inda suka nuna cewa littattafan sun samar da masu karatu kuma suna bayyana halin da matasa ke ciki. Brian Larkin, a wani nazari da ya buga a 1997, ya nuna yadda finafinan Indiya suka yi tasiri a kan yadda marubutan ke zana soyayya.

Malaman addini da iyaye sun fi damuwa da tarbiyya, suna ganin labaran na koya wa yara bijire wa zaɓin iyaye da kuma buri marar iyaka. Wannan damuwa ta kai ga matakin hukuma a Kano, inda aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, sannan a 2007 aka yi taron ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, daga baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista su riƙa kai rubutunsu a duba kafin bugawa.

Wani ɓangare na sukar yana da tushe. Labarai da yawa sun mayar da soyayya hanyar shiga daula, inda saurayin kirki dole ya zama mai jerin motoci da gidaje a ƙasashen waje, kuma akwai salon da ya fi wannan haɗari, wato na namiji mai wulaƙanci da duka wanda labarin ke wankewa a ƙarshe da sunan so. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau hamsin tana iya ɗauka cewa haƙuri da cin zarafi shi ne alamar ƙauna. Amma ƙona littafi bai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma bai rage yawan masu karatu ba.

Waya ta canza komai

Abin da takunkumi bai yi ba tsadar takarda da yaɗuwar wayar hannu sun yi shi, domin a cikin shekaru goma da suka wuce kasuwar bugaggen littafin Hausa ta ja baya ƙwarai, shagunan da aka sani da sayar da su da yawa sun koma wata sana'a. Rubutun ya koma intanet, a manhajoji irin su Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, da OkadaBooks ta Najeriya, wadda ta rufe a 2023, da kuma zaurukan WhatsApp da Telegram inda cinikin ya fi gudana.

Tsarin mai sauƙi ne. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda ya fi jan rai sai ta tsaya, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ko fiye ta banki ko katin waya a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Wannan ya buɗe ƙofa ga matan da a da ba su da jarin bugu ko izinin zuwa maɗaba'a, kuma ya ba mai karatu bakin magana, domin sharhin da aka yi yau yana iya juya abin da za a rubuta gobe. Sai dai satar fasaha ta yi yawa, tunda ana kwafe littafi a watsa shi ba da izinin mai shi ba, ƙa'idar rubutu kuma ta sha wuya saboda babu edita tsakanin marubuci da mai karatu.

Babbar illar ta fi shafar ƙananan masu karatu. A zamanin kasuwa akwai idanu da yawa a kan littafi, na mai maɗaba'a da mai shago da yayar da za ta gan shi a ƙarƙashin matashin kai. A waya babu ko ɗaya. Labaran batsa, waɗanda marubutan kirki da kansu ke kuka da su, suna yawo a zaure ɗaya da labarai masu ma'ana, kuma gargaɗin da wasu ke rubutawa a saman shafi cewa labarin na matan aure ne ba ya hana kowa karantawa, sau da yawa ma shi ne ke jawo 'yar shekara 14.

Gurbin da ke jiran masu cikewa

Najeriya ta taɓa gwada adabin da aka nufi matasa da shi kai tsaye. Jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara a 1977, ya fitar da littattafai fiye da ɗari na soyayya da ban mamaki da Ingilishi mai sauƙi, kuma cikin na farkonsu akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, wanda ya rubuta shi yana matashi a Kano. Ɗaliban sakandare na wancan zamani sun yi rububinsu, iyaye kuma ba su ɗaga hankali ba domin an san iyakar abin da ke ciki. Hausa ba ta da jeri makamancin wannan a yau, duk da cewa tana da marubutan da za su iya da masu karatun da ke jira.

Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna cewa idan aka sa lada da alƙalai da ƙa'ida, rubutu mai inganci yana fitowa daga inda ba a zata ba. Irin wannan ƙoƙari ake buƙata ga labaran 'yan shekara 12 zuwa 18: soyayyar da ta dace da shekarunsu, wadda ba ta yi musu ƙaryar cewa zuciya ba ta motsi kuma ba ta kai su ɗakin ma'aurata ba, da almarar da aka gina daga abin da ƙasar ke da shi, tun daga tarihin Daura da Sarauniya Amina har zuwa Gizo da Ƙoƙi da ayarin fatake masu ratsa Sahara.

Aikin yana kan ƙungiyoyin marubuta, waɗanda za su iya amincewa da alamar shekaru a kan kowane littafi su kuma tsaya a kanta, da masu manhajoji da za su ware sashen matasa, da sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da ke yaye masu iya gyaran rubutu, da gwamnatocin jihohi da ya kamata su zuba labarai masu daɗi a ɗakunan karatu na makarantun sakandare. Iyaye kuma, maimakon ƙwace waya kawai, su tambayi 'ya'yansu abin da suke karantawa, su karanta wani abu daga ciki, sannan su saya musu wanda ya fi shi.